Hanyar Babban Mutum da Haƙoran Aksul

Matafiyin da ya bar Daura ya fuskanci gabas, ya ratsa Zango, ya shiga ƙasar Baure, ƙarshen tafiyarsa a Najeriya shi ne Babban Mutum. Daga nan in ya tsallaka iyaka ya miƙa arewa, sai Magarya, sai Damagaram. Mutanen Kano ba sa buƙatar zagayawa ta Daura, suna da tasu hanyar da ta bi ta Kunya da Kanya da Babura ta faɗo garin ta kudu. Ko ta ina aka biyo, abin da ido ke gani ɗaya ne: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gonakin gero da wake da riɗi, gawo da kuka jefi-jefi, babu wani tsauni da direba zai sauke giya dominsa. Baƙon da ya san mota yana iya yanke hukunci tun bai sauka ba, ya ce nan ba wurin neman ƙarfin ja ba ne, kowace mota ta wadatar. Hukuncin nan yana rushewa da zarar an sauka daga titi. Kwalta a wannan yanki a manyan hanyoyi kaɗai take, alhali gonaki da rumbuna da kasuwannin ƙauye duk suna can ciki, inda hanya rairayi ce da rani, taɓo da zaizayar ruwa da damina. Motar da ke ciyar da mai ita a nan, rabin aikinta ko fiye a kan yashi take yin sa, kuma da kaya.

Motocin da ke wannan aiki sanannu ne. Tsofaffin direbobi sun fara da a-kori-kurar Peugeot, 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika Arewa da su. Bayansu Toyota ta karɓe fage da Hilux, sai Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ga masu hali da hukumomi, sai Kanta ga wanda lodinsa ya fi ƙarfin a-kori-kura. A ɓangaren Najeriya masu fetur sun fi yawa, domin shekaru da dama gwamnati tana tallafa wa fetur ta bar man gas ga kasuwa, har aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023. A tsallaken iyaka kuwa injin gas ya daɗe da samun gindin zama, ga matatar SORAZ kusa da Damagaram tana aiki tun 2011. Garin iyaka irin Babban Mutum yana ganin duka biyun. Abin da suke ɗauka bai wuce buhunan hatsi, taki, siminti, awaki da tumaki da fasinja a kan kaya ba, kamar yadda kowa ke gani a hanyar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis. Ja da ƙugiya bai kai ɗauka a baya yawa ba, amma yana nan: tankin ruwa mai tayoyi, injin casa da kaka, babban janareta, injin iskar masu haƙar burtsatse, da motar da ta mace a daji aka ɗaure ta da sarƙa. Ga injin, duk ɗaya ne; nauyi ne da za a tayar daga tsaye a kuma riƙe shi yana tafiya.

Abin da nake son kafawa shi ne cewa motar da ke irin wannan rayuwa, musamman mai injin gas, tana da haƙƙin a duba mata giyar aksul kafin a ƙara mata ganyen safirin, kuma a mafi yawan lokuta canza wannan giya ba ƙari ba ne a kan abin da kamfani ya yi, mayar mata da abin da aka ƙwace mata ne ba da sani ba. Kafin a kai nan sai an leƙa cikin tukunyar da ke tsakiyar aksul na baya. Farfela tana fitowa daga giyabos ta shiga tukunyar, a bakinta akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora, shi kuma yana juya wani babban faifai mai haƙora wanda ke juya tayoyi. In babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, to sai farfela ta yi juyi huɗu da ɗigo ɗaya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan shi ne 4.10 da ake rubutawa. Haƙora 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 suna ba da 4.56, 39 da 8 suna ba da 4.88, 43 da 12 kuma 3.58. Duk waɗannan lambobi an fitar da motocin Toyota da su, gwargwadon injin da giyabos da ƙasar da za a kai motar. Lamba in ta yi sama, ƙarfin murɗa taya ya ƙaru, gudu ya ragu daidai gwargwado. Daga 3.58 zuwa 4.30 ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne a taya, a kowace giya, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kuma injin zai yi ƙarin juyi na kashi 20 a gudu iri ɗaya. Ɗan dako in an ɗora masa buhu yakan gajarta taku. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, ya dai raba aikin ne gida-gida yadda gwiwa za ta iya. Aikin giyar aksul ke nan, babu ƙari babu ragi.

To me ya sa ƙasar da ba ta da tudu za ta buƙaci gajeren taku? Amsar tana cikin lissafin da injiniyoyin mota suka daɗe da sani. A kan kwalta mai kyau, turjiyar da taya ke fuskanta wajen mirginawa ba ta wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyin motar ba. A cikin sako-sakon yashi tana kai wa kashi 15, 20, har fiye, domin taya tana nutsewa, kullum tana ƙoƙarin haye ɗan tudun da ita kanta ta tara a gabanta. Motar da ta kai tan uku da kayanta, a kan titin Daura turawar da ba ta wuce ta kilo 45 ba ta ishe ta ta yi ta gangarawa. Ta sauka ta nufi wani ƙauye a ƙasar Baure, buƙatar ta koma ta kilo 500 ko 600. A ɗaura mata tankin ruwa na tan ɗaya da rabi a baya, mai ƙananan tayoyin da ba sa ja sai dai a ja su, lissafin ya sake hawa. Ma'ana, direban Babban Mutum yana hawa tudu kullum, tudun da ya fi na yawancin manyan hanyoyin ƙasar nan tsayuwa, sai dai ido ba ya ganin sa. Kuma tudun kwalta yana da kai, ana hawa a gangara. Yashi kuwa yana iya riƙe mota kilomita goma bai sake ta ba.

Yanzu a dubi abin da masu mota ke yi, wanda duk mai hankali a matsayinsu zai yi. Tayar da Hilux da yawa suka zo da ita, 205R16, tsayinta kusan milimita 735 ne. Mai mota ya ga tukunyar aksul tana shara yashi a tsakiyar hanya, ya ga tayar tana tsugunawa a ƙarƙashin lodi, sai ya sayi 7.50R16, mai kauri, mai tsayin da ya haura milimita 800. Motar ta ɗago, ta yi kyan gani, ta daina taɓa ƙasa. Abin da ba a faɗa masa a shagon taya ba shi ne ya canza giya. Tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 10 tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka tana rage ƙarfin tura mota da kusan kashi 10. Aksul mai 4.30 ya koma yana aiki kamar mai 3.9. Daga nan sai a ƙara ganyen safirin biyu ko uku, bayan motar ya daina zama, ido ya ce tana iya ƙarin buhu biyar. An ƙara nauyi, an rage ƙarfin ja, duk a mako guda. Sakamakon yana bayyana a bakin kowace hanyar yashi: direba ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur, ya riƙe kuloci a rabi domin in ya sake shi gaba ɗaya injin zai mutu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wani ƙauri mai ɗaci kamar na ƙonannen birki ya shigo ta taga, yaron mota ya diro yana cusa karan dawa da ƙirare a ƙarƙashin taya, fasinja suka sauko suna turi. Wannan ƙauri faifan kuloci ne ke ci da wuta. Idan aka yi lissafi, abin da zai mayar da wannan mota yadda kamfani ya tsara ta shi ne 4.30 a ƙara masa kashi 10, wato wajen 4.7, tsakanin 4.56 da 4.88. Wanda ya sa mata ɗaya daga cikin biyun bai yi wa Toyota gyara ba.

Injin gas ya fi na fetur jin wannan sauyi, shi ya sa maganar ta fi shafarsa. Na fetur yana da faɗin fage, yana iya juyi har dubu biyar da wani abu a minti. Na gas fagensa ƙunci ne. Injin 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser yana ba da ƙololuwar ƙarfin murɗawarsa a wajen juyi 2,200, tsofaffin injinan Hilux marasa tabo (turbo) su ma a wannan kewaye suke, kuma dukansu numfashinsu yana ƙarewa da an wuce dubu huɗu. Ƙasa da juyi 1,500 da kaya a baya, injin yana ƙwanƙwasa, yana zuba man da bai ƙone ba, zafi yana taruwa. Masu tabo, irin 2.5 da 3.0 na Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2004, sun ma fi nuna bambanci, domin kafin tabo ya ɗauka motar kamar mai barci take. Amurkawa, waɗanda jan tirela a bayan a-kori-kura al'ada ce gare su, sun mayar da wannan zaɓi abin da mai saye ke yi tun a wurin dillali: an sayar da motar Ram mai injin Cummins da 3.42 ko 3.73 ko 4.10, kuma nauyin da kamfani ya yarda ta ja yana canzawa da lambar. Har gwaji suke da shi, J2807, inda ake sa mota ta ja kaya ta hau tudun Davis Dam a jihar Arizona cikin zafin da ya kai digiri 38. Zafin Afrilu a ƙasar Daura ya wuce haka. Bambancin kawai shi ne su suna zaɓar giyar da sani, mu kuwa muna karɓar duk wadda ta zo da motar gwanjo, wadda wataƙila an tsara ta ne don manyan titunan Turai.

Suka ta farko da kowane direba zai kawo ita ce mai, kuma yana da gaskiyar kawo ta, tunda litar man gas ta haura naira dubu a ƙarshen 2023. Idan injin zai riƙa yin ƙarin juyi, ai zai ƙara sha. A kan kwalta, mota ba kaya, haka ne. Amma a sa lambobi a gani. Da tayar 7.50R16 da giya ta biyar ta irin giyabos ɗin Hilux, a gudun kilomita 80 injin yana juyi wajen 1,900 in aksul 4.30 ne, wajen 2,150 in 4.88 ne. Motar da tayarta ta asali a wannan gudu wajen 2,080 take yi. Ke nan ƙarin da ake tsoro ɗan kaɗan ne a kan abin da kamfani ya ga ya dace tun farko. Sannan ba juyi kaɗai ke shan mai ba. Motar da ke da lodi a doguwar giya ba ta zama a ta biyar; ƙaramar iska ko ɗan gargada sai a dawo ta huɗu, inda juyin ya fi wanda ake gudu. Baƙin hayaƙin da ke fita lokacin da injin ke nishi a ƙaramin juyi man da aka saya ne yake bin iska. Ga kuma kuɗin da ba a rubutawa a lissafin mai: faifan kuloci da ake saukewa kafin lokacinsa, yinin da mota ta kwana a gareji ranar kasuwa, ladan matasan da suka tura ta. Inda sukar ta tsaya daram shi ne ga motar da aikinta Kano zuwa Daura ne a kan titi, tana gudun ɗari ko fiye. A nan 4.88 zai kai injin wajen juyi 2,700, ga ƙara ga shan mai, ba riba. Wannan mota a bar ta yadda take.

Suka ta biyu ta fi wayo. Ana cewa motar da ke da taimako, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, ba ta buƙatar komai, domin in an sa ƙaramar giyar taimako ƙarfin yana ninkuwa fiye da sau biyu, abin da babu canjin aksul da zai kai. Gaskiya ne, kuma don fita daga rami ko tayar da tanki daga cikin yashi mai zurfi babu kamarta. Sai dai da farko, a-kori-kura da yawa da ke lodin ƙauye ba su da taimako sam, ko kuwa an daɗe da cire farfelar gaba an ajiye saboda ta lalace ba a gyara ba. Na biyu, taimakon irin waɗannan motoci yana kulle gaba da baya ne su juya tare, abin da yashi ke yafewa amma ƙasa mai tauri ba ta yafewa; a kan kwalta ko busasshiyar laka yana ɗaure ƙarafa, ya ci taya, ya iya karya wani abu. Hanyoyin nan kuwa gauraye suke, mita ɗari biyu yashi, rabin kilomita tauri, sai kuma yashi. Ba direban da zai riƙa tsayawa yana sawa yana cirewa kowane minti biyu, kuma tsayawar ma a cikin yashi ita ce ke kafe mota. Taimako maganin wuri mai tsanani ne. Wahalar yau da kullum tana tsakiya, inda giya ta biyu ta yi wa injin nauyi, ta ɗaya kuma ta sa shi kururuwa, kuma wannan giɓin ne ƙarin kashi 10 ko 13 a aksul ke cikewa.

Suka ta uku ita ce wadda na fi girmamawa: wa zai yi aikin? Ɗaura ƙarafan aksul ɗin nan biyu masu haƙora yana cikin ayyuka mafi laushi a jikin mota. Tun a masana'anta ake goga su da juna su zama ma'aurata, don haka ba a ɗauko ƙaramin wannan a haɗa da babban wancan ko da lambarsu ɗaya. Ratar wasa da ake bari a tsakaninsu a aksul ɗin Toyota tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, kuma da agogon awo ake gane ta, ba da jin hannu ba. Ƙwararren bakanike yana shafa fenti mai kauri a haƙora uku ko huɗu na babban faifan, ya juya shi gaba da baya yana ɗan danne shi, sannan ya karanta inda fentin ya goge. In shafar ta zauna a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. In ta gangara can ƙasan haƙori ko ta hau bakinsa, sai ya sake kwancewa ya canza siririn faranti da ke bayan ƙaramin, wani lokaci sau uku ko huɗu. Ga matsin boris da shi ma yake da ma'auni. Wanda ya yi gaggawa, motar za ta fita tana wani siririn kuka da ke tashi da an taka totur, kuma haƙoran da suka fara cin juna a karkace ba sa komawa daidai. A garejin bakin titi, inda iska ke kwaso rairayi tana zubawa a kan duk abin da aka buɗe, wannan aiki kasada ce. Na yarda da haka ɗari bisa ɗari.

Sai dai akwai mafita, kuma tsarin motar ne ya ba da ita. Aksul na bayan Hilux irin wanda ake zare cikinsa ne gaba ɗaya: a zare sandunan tayoyi, a kwance farfela da notunan da suka kewaye tukunyar, kan ya fito da haƙoransa a ɗaure yadda masana'anta ta saita su. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya samo kai na gwanjo mai lambar da yake so, lafiyayye, ya tsallake mafi wuyar aikin. Abin da ya rage masa shi ne kada ya yarda da baki. Ya ƙirga haƙoran babban da na ƙaramin da alli, ya raba. Ya duba ko akwai haƙorin da ya ɓantare ko ya yi tsatsa, ya juya da hannu ya ji ko boris yana gurnani, ya tabbatar bakin sandunan tayarsa zai shiga. Ta motarsa kuma, ba sai an buɗe ba: a ɗaga taya ɗaya ta baya, a yi alama a farfela, a juya tayar sau biyu cif, adadin juyin farfela shi ne lambar. Babban tarkon yana ga motar da taimakonta ke aiki, domin dole gaba da baya su zama lamba ɗaya. Wanda ya sa 4.88 a baya ya bar 4.30 a gaba, ranar da ya sa taimako tayoyin baya za su nemi tafiya a hankali, na gaba su nemi sauri, kuma ƙarfen da ya fi rauni a tsakani shi zai biya. Kuɗin aikin ke nan ya ninku. Bayan an gama a zuba man giya mai alamar GL-5, in haƙoran sababbi ne a tausaya musu a kilomita ɗaruruwan farko a kuma sauya man, sannan a san cewa agogon gudu na tsofaffin motocin zai canza karatu. Abin dariya ma, ga motar da aka sa wa doguwar taya, sau da yawa sai yanzu ne agogon zai koma kusa da gaskiya.

Saura suka ta huɗu, wadda ba ta lissafi ba ce, ta halin mutane ce. Duk abin da ya sa mota ta tashi da kaya cikin sauƙi, a tashoshinmu ƙarin kaya yake haifarwa. Mai mota ya ga ta daina nishi da buhu goma sha biyar, ɗan kamasho ya ce ai za ta ɗauki ashirin. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba zan ce ina da amsar da ta kashe shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne iyakar da ƙarfe ya gindaya. Hilux an yi ta ne don kayan da ba su wuce kusan tan ɗaya ba a bayanta. Sababbin samfura a wasu ƙasashe an yarda su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Marar birki kilo 750 ne iyakarta, kuma tankunan ruwa da injinan casa da maƙeranmu ke ɗora wa tayoyi ba su da birki. Giyar aksul ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi. Birkin yana nan yadda yake, doguwar tayar ma ta riga ta rage masa kamu. Sandar tayar Hilux ita ke juya taya ita ke kuma ɗauke da nauyi, ba kamar ta Kanta ko Land Cruiser 79 ba, inda nauyin ke kan bututun aksul sandar kuma juyi kawai take yi. Ƙarin ƙarfin murɗa a kan sandar da lodi ya riga ya lanƙwasa, ƙarin dalilin karyewa ne. Ƙaramin ƙarfe mai haƙora 8 kuma bai kai mai 10 jure duka ba. Amma a lura da wani abu: ganyen safirin da kowa ke ƙarawa ba tare da an yi gardama ba, shi ne ke ɓoye nauyi daga ido har daga idon jami'an kiyaye haɗurra. Giya ba ta ɓoye komai. In za a hana ɗaya saboda tsoron lodi fiye da kima, ba ita ya kamata a fara hanawa ba. Wanda kuwa kullum kayansa tan biyu ne, Kanta yake buƙata, kuma babu adadin haƙoran da zai canza wannan.

Akwai masu cewa duk wannan magana ta ɗan lokaci ce: tituna suna ƙaruwa, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai bi ta Kazaure da Daura, sababbin motoci kuma suna zuwa da giya shida mai faɗin zango. Jirgin ƙasa ba ya zuwa bakin rumbu. In ma ya fara aiki, buhun da zai hau shi a Daura sai wata mota ta fito da shi daga jigawar Baure tukuna. Iyakar kanta ba abin dogaro ba ce. An rufe ta a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk sa'ad da doguwar tafiya zuwa Magarya da Damagaram ta tsaya, abin da ke rage wa mai mota shi ne lodin ƙauye. Sababbin motoci masu giya shida kuwa hukumomi da 'yan kwangila ke hawansu. Kafin su gangaro tashar Babban Mutum sai sun tsufa, kuma ranar da suka iso, abu na farko da za a yi musu shi ne doguwar taya.

Don haka mai a-kori-kurar gas da ke aiki tsakanin titin Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye da shi, wanda ya riga ya sa tayar da ta fi ta asali tsayi, wanda ke sauke kuloci fiye da yadda ya kamata, ya ɗaga taya ɗaya ya ƙirga juyin farfelarsa. In ya tarar da 4.10 ko 4.30, to 4.56 ya dace da wanda ke raba lokacinsa tsakanin kwalta da yashi, 4.88 kuma da wanda ke jan tanki ko injin casa mafi yawan kwanaki. Ya gyara birki da lagireto kafin ya taɓa aksul, ya sayi kai a ɗaure maimakon warwatsattun haƙora, ya daidaita gaba da baya in yana da taimako, kuma yawan buhun da yake ɗauka jiya kada ya ƙaru ko da ɗaya.